Katuna Goma Kafin a Buɗe Mahaɗa

Asibitin da take aiki gine-gine biyu ne, titi ya ratsa tsakaninsu. Tsohon ginin yana gabas, da doguwar baranda da tagogin katako waɗanda ba su rufuwa sai an tokare su da gwiwa. Sabon yana yamma, hawa uku, gilashi ta ko'ina. A ƙarƙashin kwaltar an binne waya guda mai kaurin ɗan yatsa, kuma a kan abin da ke bin wannan waya ne matar ta kusa rasa aikin da ta yi shekara biyar tana nema.

Ma'aikatan asibitin suna kiranta Bi-sawu. Da farko zolaya ce, daga baya sunan ya bi ta har gida, har ƙannen mijinta suka ɗauka. Gajeriya ce, ba ta da yawan magana, kuma kullum tabarau yana rataye a wuyanta da igiyar da mijinta, wanda tela ne, ya ɗinka mata daga ragowar yadi.

Mahaifinta ma'aikacin layin tarho ne, tun zamanin da murya take bin waya daga turke zuwa turke. Ita ce ta uku cikin 'ya'yansa biyar, kuma ita kaɗai ce ba ta gajiya da tambayarsa game da aikinsa. Abin da ta fi riƙewa daga gare shi ɗabi'a ce guda. Idan ya ɗaura wayar da ta tsinke, ba ya tattara kayansa don na'urar gwaji ta nuna layi ya dawo. Sai ya sauko daga turke, ya taka har gidan da ke ɗaya ƙarshen, ko da tafiyar rabin sa'a ce, ya yi sallama, ya ɗaga kan tarho da hannunsa, ya ji muryar mutum. Wata rana ta tambaye shi dalili, ya ce mata, "Na'ura tana gaya mini wuta ta wuce, amma ba ta gaya mini gidan wa ta shiga ba." Ashe yana sabon ma'aikaci ya taɓa musanya layin wani mahauci da na wata ungozoma, aka yi kwana biyu ana kiran mahauci a kan naƙuda.

Ta gama sakandare, ta yi aure, ta haifi 'ya'ya uku, sannan ta sami aiki a ɗakin kati na tsohon ginin. Shekara goma sha tara ta yi a can, tsakanin kantoci masu tsayi har rufi, tana zaro katin marar lafiya tana mayarwa. A gabanta aka kawo kwamfutocin farko, aka ɗauko masu buga rubutu suka kwashe abin da ke cikin katunan suka zuba a rumbun bayanai, wato ma'ajiyar da kwamfuta take jera bayani a cikinta, kowane mutum da layinsa. Sauran akawuna sun koyi maɓallan da aka nuna musu, suka tsaya nan. Ita kuwa ta so ta san inda bayanin yake zuwa idan ta danna. Tana da shekara arba'in da ɗaya ta shiga ajin ranar Asabar, ta zauna a benci ɗaya da sa'o'in babbar 'yarta. Ta faɗi jarrabawar farko, ta sake zama, ta ci. Bayan takardun neman canji har huɗu, aka mayar da ita ɗakin kwamfuta a matsayin gwaji na shekara guda. Idan shekarar ta cika, shugaban asibiti ne zai rubuta layi ɗaya: ko a tabbatar da ita, ko ta koma ɗakin kati.

Babban aikin da aka ba ta a wannan shekara shi ne mahaɗa. Sabon ginin ya zo da nasa rumbun bayanai, na wani kamfani dabam, mai tsari dabam. A cikinsa ake rubuta sunan marar lafiya da maganin da likita ya ba shi. Amma tarihin jinyar mutane na shekaru da yawa yana cikin tsohon rumbu, har da gurbi ɗaya da ya fi kowane muhimmanci ga masu ba da magani: jerin magungunan da jikin mutum ba ya karɓa. Rumbunan biyu ba su fahimtar juna. Mahaɗa manhaja ce da ake girkawa a wata na'ura tsakaninsu. Idan an buga lambar kati a sabon gini, ita ce take ɗaukar tambayar, ta sake tsara ta yadda tsohon rumbu zai gane, ta karɓo amsa, ta kawo. Girka ta kwana biyu ya ɗauka. Saita ta kuwa ya ci wata bakwai, domin gurbi sittin da huɗu ne, kuma kowanne sai an nuna masa mazauninsa a ɗaya ɓangaren. Wannan yana rubuta nauyin mutum da kilo, wancan da giram. Wannan yana fara kwanan wata da rana, wancan da shekara. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tare da injiniyan da kamfanin ya turo, wani siririn mutum mai saurin hannu da saurin baki, ɗan shekara talatin, wanda yake kiranta Anti.

An sa ranar Alhamis a buɗe sabon ɗakin magani a gaban 'yan kwamitin asibiti. Daga ranar masinjoji za su daina tsallaka titi da katuna, kuma za a ɗaure katunan takarda a kai su ma'ajiya a bayan gari. Takardar buɗe mahaɗa tana bukatar hannu biyu, na kamfani da na asibiti. Saura kwana goma sha biyu shekarar gwajinta ta cika.

Ranar Litinin da hantsi injiniya ya juyo da kujerarsa yana murmushi.

"Anti, zo ki ga allo, duk ya yi kore, alamar babu matsala. Tambaya dubu ashirin na tura ta cikin mahaɗa, dubu ashirin sun dawo da amsa. Ga takarda, na sa hannuna, saura naki."

"Madalla. Bari in je in dawo."

"Katunan nan naki kuma? Dubu ashirin fa na ce. Goma me za su ƙara?"

"Naka sun ce amsa ta dawo. Ina so in ga ko amsar mai tambaya ce."

Wannan ɗabi'a ce ta jawo mata sunan. Duk lokacin da aka canza wani abu a mahaɗa, sai ta shiga ɗakin kati, ta zaro katuna goma daga kantoci daban-daban ba tare da ta duba suna ba, wasu daga sama, wasu daga ƙasa inda sai an durƙusa. Ta tsallaka titi da su, ta tsaya a bayan mai amfani da kwamfutar, a buga lamba, ta gwada abin da allo ya nuna da abin da ke rubuce a takarda.

Mai kula da ɗakin magani ƙawarta ce tun suna 'yan mata, mace mai jiki da son dariya. Ta karɓi katunan tana cewa, "Ga 'yar sintiri ta iso." Na farko ya yi daidai, na biyu ma haka, har na takwas. Da ta buga na tara sai ta matso da fuskarta kusa da allo, ta kwashe da dariya.

"Ƙawata, zo ki taya mu barka. Baban nan mai shekara saba'in da ɗaya ya haihu sau biyu. Na biyun ma tiyata aka yi masa, Allah sarki."

Bi-sawu ta sa tabarau. Sunan dattijon daidai ne, domin sunan daga sabon rumbu yake fitowa. Amma tarihin da mahaɗa ta kawo, bayan hawan jini da ciwon gwiwa, har da haihuwa biyu. Ba ta yi dariya ba. Tun kafin ta koma tsohon gini ta san abin da za ta tarar.

A tsohon rumbu mutum biyu ne a ƙarƙashin wannan lamba, dattijon da matarsa. Duk wanda ya taɓa aiki a ɗakin kati ya san akwai irin waɗannan lambobi. Idan akawu ya sa hannu ya ji kati biyu, sai ya karanta suna ya zaɓi na wanda ke tsaye a gabansa. Tsohuwar kwamfuta ma sunaye biyu take nunawa a zaɓa. Sun saba da abin har sun daina ganinsa, shi ya sa babu wanda ya taɓa rubuta shi a wata takarda. Littafin tsohon rumbu cewa ya yi kowace lamba ta mutum ɗaya ce, kuma a kan wannan magana ta gina mahaɗar. Ita da ta yi shekara goma sha tara tana raba irin waɗannan katuna da yatsunta, ita ce ta mance.

Ta duba gurbin magungunan da jiki ba ya karɓa. Na dattijon babu komai a ciki. Na matar an rubuta penisilin. Tarihin jinya na duka biyun mahaɗa take kwasowa, amma a wannan gurbi layin farko da ta tarar take ɗaukowa, kuma na mijin ne a farko. Da matar za ta zo ranar Alhamis a rubuta mata wannan allura, allo zai ce babu matsala.

Ta umarci rumbun ya ƙirga mata lambobin da ke ɗauke da mutum fiye da ɗaya. Tana zaton ɗari ko ɗari biyu. Ya ba ta dubu uku da ɗari ɗaya da goma sha biyu.

Injiniya ya duba adadin, ya sosa ƙeya. "Cikin dubu ɗari biyu ne fa, Anti. Bai kai biyu cikin ɗari ba. Mu buɗe, mu gyara a hankali. Ko kuwa mu ce mahaɗa ta haɗa da suna."

"Ka taɓa tsayawa a baranda ka kira suna ɗaya ka ga mutum nawa suke miƙewa? Kuma sunayen sabon gini sabon bugu ne, kowane akawu da yadda ya ga dama ya rubuta."

"To ni dai na sa hannuna."

"Na gani."

Da aka tashi daga aiki ba ta wuce gida ba. Ta hau mota zuwa gidan tsohon shugabanta na ɗakin kati, wanda ya yi ritaya shekara goma sha biyu da suka wuce. Ta same shi a tsakar gida yana gyara ƙafar kujera da ƙusa a baki. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta miƙa masa katin dattijon da na matarsa. Na matar ba bugun kamfani ba ne, kwali ne da aka yanka da almakashi, kuma a kusurwarsa akwai ɗigon jan tawada.

"Baba, waɗannan tagwayen katuna, daga ina suka samo asali?"

Ya cire ƙusar daga bakinsa, ya juya kwalin a hannunsa. "Wannan ai yankana ne, 'yata. Kafin ki zo da shekara huɗu katunan da ake bugo mana suka ƙare, aka yi wata tara ba a kawo ba. An hana mu ƙirƙirar lamba. Mutane kuwa ba su daina ciwo ba. Sai na ce duk wanda ya zo ba shi da kati, a tambaye shi wa ya rako shi. Idan mai rakiyar yana da lamba, a ara wa marar lafiya, a ɗiga ja a kusurwa. Ɗigo ɗaya na farkon aro, biyu na biyu. Mun ce idan katuna sun iso za mu gyara."

"Ba ku gyara ba."

"Katuna sun iso tare da annobar ƙyanda. Wa yake da lokaci?"

"Duk 'yan gida ɗaya ne?"

"Ina. Akwai maƙwabta, akwai direban da ya ɗauko mutum daga hanya. Akwai wanda na ara wa lambata ni kaina."

"Ɗigon fa, ya shiga kwamfuta?"

"Na tambayi masu bugawa, suka ce babu gurbin ɗigo." Ya miƙo mata katunan, ya dube ta ta saman tabaraunsa. "Wani ya cutu ne?"

"Ba tukuna ba, Baba."

Wannan ya rufe mata duk wata gajeriyar hanya. Babu abin da ke cikin rumbun da zai raba mutanen nan da tabbaci; sai an zaro katin kowa an ba shi sabuwar lamba, kuma wannan aikin watanni ne.

Ta isa gida da magariba, ta tarar da maigidanta yana ƙarasa wuyan wata riga. Ta ba shi labari tana tsaye, ko jaka ba ta ajiye ba. Ya ɗaga ƙafarsa daga keken ɗinki.

"Idan an mayar da ke ɗakin kati, ba za mu kwana da yunwa ba."

"Na sani. Amma shekara biyar, Baban yara. Da ɗan benci, da yaran da ke ce mini kaka a aji."

"To ki sa hannun mana."

"Ba zan sa ba."

"Na sani," ya ce, ya mayar da ƙafarsa. "So na yi in ji daga bakinki, don kada gobe ki ce ni na zuga ki."

Ranar Talata da safe ta shiga ofishin shugaba. Likita ne, mutum mai tsabta da kiyaye lokaci, wanda ya yi shekara uku yana fama kafin a gina sabon ginin. Ya saurare ta yana duba agogo. Abin da ta nema biyu ne. Na farko, a saita mahaɗa yadda idan ta tarar da mutum fiye da ɗaya a lamba, ba za ta kawo bayanin kowa ba, sai gargaɗi cewa a dakata a duba katin takarda. Na biyu, kada a kai katunan waɗannan lambobi ma'ajiya.

"Malama, kin san ma'anar wannan? Ranar buɗewa, a gaban kwamiti, a tsayar da layi ana jiran takarda daga tsallaken titi. Abin da muka ce mun kawo ƙarshensa ke nan. Masinjoji ma an riga an raba su a wasu sassa. Ki sa hannu, a gyara daga baya."

"Ranka ya daɗe, haka aka ce shekara ashirin da huɗu da suka wuce."

"Zan iya sa wani ya sa hannun."

"Za ka iya, ranka ya daɗe. Amma ina roƙon alfarma ɗaya kafin nan. Ka buga wannan lamba da kanka, ka rubuta wa matar penisilin."

Ya dube ta kamar zai ƙi, sannan ya jawo kwamfutarsa, wadda aka riga aka haɗa da mahaɗar don gwaji. Ya buga. Allo ya karɓi maganin ba tare da wata magana ba. Ta ajiye kwalin a kan teburinsa. A tsakiyarsa, da rubutun wani likita da ya daɗe da barin asibitin, an rubuta sunan allurar an ja layi biyu a ƙarƙashi, an ƙara da cewa ta taɓa shiɗewa.

Ya ɗauki kwalin ya karanta. Da ya yi magana, muryarsa ba ta yi laushi ba.

"Ranar Alhamis za a buɗe, ba za a ɗaga ba. Ki yi abin da kika ce. Idan layi ya kai bakin titi, ke za ki yi wa kwamiti bayani. Kuma ki sani, wannan kuskure tun wata bakwai ya kamata a gan shi. Zan tuna da haka a ƙarshen wata."

"Gaskiya ne, ranka ya daɗe. Ni ya kamata in gan shi."

Sharaɗin kansa layi tara ne a cikin saitin mahaɗa: ta fara ƙirga mutanen da ke kan lamba kafin ta ɗauko komai. Matsalar ita ce sabon rumbu ba shi da gurbin gargaɗi. Injiniya ya yi ta gunaguni cewa kamfani bai aiko shi yin kwaskwarima ba, amma shi ne ya samo dabarar: a tura gargaɗin ta gurbin magungunan da jiki ba ya karɓa, tunda duk abin da ya shiga wannan gurbi da ja yake fitowa, kuma kwamfuta ba ta bari a wuce sai an amsa. Suka gwada sau talatin. Ta zaro wasu katuna goma, biyar tagwaye, biyar tilo, ta tsallaka titi, ta dawo. Sannan ta sa hannu.

Ranar Laraba masu ɗaure kaya suka iso da igiyoyi da akwatuna. Ta buga jerin lambobin, ta raba wa akawuna uku, ta ɗauki kaso mafi yawa. Wajen ƙarfe tara sai ga tsohon shugabansu ya shigo da sandarsa, babu wanda ya kira shi. Ya ce gwiwarsa ba za ta hau tsani ba, amma idonsa bai manta yankansa ba. Aka ba shi kujera a bakin ƙofa. Duk akwatin da za a fita da shi sai ya tsayar, ya bi gefen katunan da babban yatsa, yana neman kwali a cikin takarda. Ta haka ya tsamo guda goma sha bakwai da aka mayar a kantar da ba tasu ba. Shugaban masu ɗaure kaya ya ce, "Baba, kai ne sabon jami'in kan iyaka?" Ya ce, "Ni ne wanda ya yi ɓarnar, yaro. Buɗe na gaba." Kafin la'asar sun cika akwati ashirin da shida, aka jera su a ƙarƙashin tagar da ba ta rufuwa.

Ranar Alhamis aka yanke ƙyalle, aka yi jawabai, aka buɗe tagar ba da magani. Marar lafiya na goma sha huɗu ne ya fara jawo jan rubutu. Mai magani ta ɗaga waya ta ce, "'Yar sintiri, an fara." Tunda babu masinja, Bi-sawu ce ta zaro katin ta tsallaka titi da shi, ta jira motoci, ta hau matakala. Kafin azahar ta yi wannan tafiya sau goma sha ɗaya. Layi bai kai titi ba, amma ya fita ƙofa ya lanƙwasa. Wata 'yar kwamiti mai babbar jaka ta tsayar da ita a matakala, ta ce, "Ashe har yanzu da ƙafa ake yi? To me aka saya?" Bi-sawu ta yi mata bayani a taƙaice tana haki. Matar ta taɓe baki ta wuce. Shugaba yana tsaye can gefe yana kallo.

A ƙarshen wata takardarta ta fito. Ba a tabbatar da ita ba, ba a kuma mayar da ita ɗakin kati ba. An ƙara mata wata shida na gwaji, da sharaɗin ta raba lambobin nan duka kafin wa'adin ya cika. Ta karanta sau biyu, ta ninke, ta raba dubu uku da ɗari ɗaya da goma sha biyu da ranakun aiki. Ya kama ashirin da biyar a rana, bayan sauran aikinta.

Haka ta yi. Ta zaro katunan lamba guda, ta bar wa mai asalin lamba tasa, ta ba mai ɗigo sabuwa, ta kwashe tarihinsa layi-layi tana gwadawa da takarda, ta rubuta sabuwar lambar a sabon rumbu. Wasu minti biyar suke ɗauka. Wasu rabin yini, idan likitoci sun yi rubutu a katin da ba shi ba, sai ta nemi mutanen da kansu ta tambaye su wa aka yi wa tiyata. Injiniya ya koma kamfaninsu a wata na biyu. Ya bar mata lambar wayarsa, ya ce idan ta gama ta gaya masa, ya kuma amsa cewa shi ma ya fara zaro goma a nasa aikin. Tafiye-tafiyen tsallaken titi suka ragu daga ashirin a rana zuwa takwas, zuwa biyu. Takalmanta biyu suka cinye a dunduniya.

Dattijon da matarsa sun zo a wata na huɗu, shi don gwiwarsa, ita don rakiya. Mai magani ta gane lambar, ta aika aka kira Bi-sawu, ta ce wa dattijon, "Baba, yaya jego?" Bai gane ba, sai da aka yi masa bayani. Matar ta rufe baki da gefen mayafi tana dariya, ta ce, "Da ma a bar masa na biyun, ya ji yadda ake ji." Bi-sawu ta miƙa mata sabon kati mai lambarta ita kaɗai. Tsohuwar ta juya shi gaba da baya, ta tambaya ko an rubuta maganar allurar nan, domin ita ta mance sunanta. Aka buga lambar, aka juyo mata da allon ta ga jan rubutun, ko da yake ba ta iya karatu ba.

Lamba ta ƙarshe ta faɗo ranar wata Talata, saura kwana tara wa'adi ya cika. Mutum uku ne a kanta, kuma mai asalinta shi ne tsohon shugaban ɗakin kati. Ta raba su, ta sa rumbun ya sake ƙirgawa, ya ce babu saura. Wani abokin aikinta ya ce to sai a cire layi taran nan, tunda sun gama amfani. Ta ce a bar su. Ba su cin komai, kuma ba ta san abin da zai ƙare a asibitin nan nan da shekara ashirin ba.

Takardar tabbatarwa ta zo bayan mako biyu, layi ɗaya da hannun shugaba, babu yabo a ciki. Ta same ta a kan teburinta da safe, a ranar da aka sabunta manhajar mahaɗa. Ta karanta, ta sa a jaka don ta nuna wa maigidanta. Katunan takarda yanzu akwati ashirin da shida ne kawai suka rage a tsohon ginin. Ta durƙusa a ƙarƙashin tagar, ta zaro goma daga akwatuna daban-daban, ta fita baranda, ta tsaya a bakin titi tana jiran motoci su wuce.